Shanun da Suka Rage a Jikin Dutse

Akwai wani dattijo mai suna Hambali da ya yi zamaninsa a gindin wani dutse, can cikin duwatsun da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, shekaru goma sha kafin Turawa su shigo ƙasar nan.

Sana'arsa koɗa. Idan dutsen niƙan mace ya yi santsi ya daina cin hatsi, shi ake kira ya zo da makoɗinsa ya farfaɗo da shi. Idan kuma za a kai amarya, shi ke fasa mata sabon dutse. Kafin ya kai ƙarfe jikin kowane dutse sai ya ƙwanƙwasa shi, ya kasa kunne. Daga ƙarar yake gane wanda zai yi niƙa da wanda zai rududduge ya ɓata wa mutane gari.

Amma akwai wuri ɗaya da bai taɓa kai ƙarfensa ba.

Wani kogo ne a bayan gidansa, mai faɗin baki, wanda mutum goma za su fake a ciki ruwa bai taɓa su ba. A jikin bangonsa akwai zanen shanu bakwai da jan launi. Ƙahoninsu dogaye ne, kuma ko ɗaya ba ta da tozo, ba kamar shanun da muka sani ba. Shida suna tafiya a jere. Ta bakwai tana tsaye can ƙarshe, ta juyo da wuyanta tana lasar ɗan maraƙinta.

Ba wanda ya san mai zanen. Kakan Hambali a haka ya tarar da su, shi ma kakan nasa haka.

Hambali yana da aboki makiyayi mai suna Buba. Tun suna samari, idan hadari ya taso Buba na kiwo a kusa, a kogon nan suke fakewa. Buba kan zauna ya ƙura wa ta bakwai ɗin ido, ya ce, "Hambali, wanda ya zana wannan ya yi kiwo. Dubi wuyanta. Sai wanda ya kwana ya tashi da saniya zai san haka take yi."

Hambali kan ce, "To ina ya kai tozon? Ko yunwa ce ta sa ya cinye?"

Sai su yi ta dariya har ruwa ya ɗauke.

Kafin Buba ya rasu ya ba abokinsa kyautar karsana ɗaya. Da yake Hambali ba makiyayi ba ne, sai aka bar ta cikin garke tana bin 'yan'uwanta. Da Buba ya cika, garken ya koma hannun babban ɗansa, Badaru.

Badaru ya iya kiwo, wannan ba a musu. Shanu sun yi albarka a hannunsa har sun ninka. Sai dai yawan shanun ya shiga kansa. Ya daina tsayawa gaisuwa mai tsawo, ya fara yi wa manoma kallon mutanen da Allah bai ba komai ba.

Wata rana da farkon damina karsanar Hambali ta zame a kan falalen dutse, ƙafarta ta baya ta gurɗe. Ta warke, amma ɗingishi ya zauna mata. Badaru ya janyo ta har ƙofar gidan Hambali.

Ya ce, "Baba, ga kayanka. Garkena ba ya jiran gurguwa."

Hambali ya ce, "Badaru, daga hannun mahaifinka ta fito."

"Shi ya sa ban sa mata wuƙa ba. Ku ɗaure ta, ku riƙa kallo."

Matar Hambali, Inna Batulu, tana jin su daga tsakar gida. Ta fito ta karɓi igiyar. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse, biyu a Gwaram, ɗaya a Kiyako, gidan ya yi mata shiru. Ta shafa goshin karsanar ta ce, "Shigo, Auta. Mu nan ba ma sauri."

Tun daga ranar sunan ya bi ta. Batulu ta kafa mata turke a bayan ɗaki. Ita ke yanko mata ciyawa, ita ke ba ta dusa da kanwa. Ruwa kuwa daga wani kwarmin dutse take ɗebo mata, don Auta ba ta iya gangarawa rafin da sauran shanu ke sha. Har hira take yi da ita. Hambali kan ce, "Batulu, in ta amsa miki wata rana, ki kira ni in ji."

Bayan an gama girbi sai labari ya fara zuwa daga gabas. Fatake suka ce wata cuta ta shiga shanu, bushiya, irin wadda tsofaffi ma ba su taɓa ganin mai ƙarfinta ba. Saniya za ta daina kiwo, idonta ya yi ta zubar da hawaye, bakinta ya yi miki, sai gudawa, bayan 'yan kwanaki ta faɗi. Ba ta barin garke sai ta share shi.

Ba a yi wata guda ba ta iso.

Aka yi addu'o'i, aka yi sadaka, aka gwada sassaƙe da saiwoyi iri-iri. Shanu suka ci gaba da faɗuwa. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina tashi idan mutum ya matso.

Ana cikin haka wani mai magani ɗan yawo ya sauka a kasuwa. Ya ji labarin kogon. Ya tara makiyaya ya ce musu, "Shanun nan na jikin dutse sun fi shekara dubu a tsaye, cuta ba ta taɓa kada ko ɗaya ba. Ku kankare jan nan nasu, ku jiƙa da kanwa, ku ɗura wa naku. Abin da ya tsare su zai tsare naku."

Mutanen da suka saba ganin an wanke allo an sha, ba su ga baƙon abu a maganar ba. Kuma wanda shanunsa ke mutuwa a gabansa ba ya tsayawa dogon tunani.

Washegari da hantsi Badaru ya zo gidan Hambali. Wannan karon ya yi gaisuwa har da durƙusawa.

Ya ce, "Baba, aiki na kawo maka. Kai ka san dutse. In mu muka kankara da wuƙa, rabin garin zai zube ƙasa. Ka zo da ƙarfenka ka ɗauke mana jan a hankali."

Hambali ya ce, "Ka zauna, Badaru."

"Ba zama na zo yi ba. Jiya kaɗai tara suka faɗi."

"Allah ya mayar da alheri. Amma ka saurare ni. Shekara arba'in ina cin abinci daga jikin dutse. Jan nan ba wani abu ba ne illa jar ƙasa da aka kwaɓa, irin wadda mata ke shafa wa tukwane. In jar ƙasa kake so, ga ta can bakin rafi, ka cika jaka goma."

"Ba irinta ba ce."

"Irinta ce. Bambancin kawai, wannan wani bawan Allah ya zauna ya yi saniya da ita."

Badaru ya miƙe tsaye, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Dama ana faɗa ban yarda ba. An ce kullum kana cikin kogon nan kana share musu ƙasa. Baba, ko bauta musu kake yi ne?"

Batulu ta ajiye taɓaryarta. Amma Hambali bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ni na ce zane ne, ba ya cutarwa, ba ya warkarwa. Kai ka ce zai hana mutuwa. To a cikinmu wa ya ba su abin da ba nasu ba?"

Badaru ya juya baya. Ya kaɗa rigarsa ya fita.

Da azahar Hambali ya ji ƙarar ƙarfe na gogar dutse. Ya san wannan ƙarar fiye da kowa. Ya ɗauki sandarsa ya hau, gwiwoyinsa na ciwo, numfashinsa na yankewa.

Ya tarar da Badaru da wasu makiyaya biyu a cikin kogon. Sun shimfiɗa fata a ƙasa don tare gari. Shanu uku na gaba sun riga sun tafi. Uku cur. Inda suke a da, sai wani farin tabo da ƙarcen wuƙa. Abin da ya tsaya tun kafin a san sunan garin ya ɓace tsakanin hantsi da azahar.

Hambali bai yi musu faɗa ba. Ya wuce su, ya je ya jingina bayansa da bangon, ya buɗe hannuwansa ya rufe huɗun da suka rage iyakar iyawarsa. Uwar da ɗanta suna daidai kafaɗarsa ta dama.

Badaru ya ce, "Baba, matsa."

"Ka fara kankare bayana tukuna."

"Don Allah kada ka sa in yi maka rashin kunya."

"A nan mahaifinka yake zama, a kan wancan dutsen da ka taka. Wannan ta ƙarshen ita ya fi so. In za ka iya, bismilla."

Sauran biyun suka sunkuyar da kai suka fice. Badaru ya tsaya riƙe da wuƙa. Daga baya ya durƙusa ya tattara garin da ke kan fatar. Duka-duka bai cika tafin hannu ɗaya ba, kuma rabinsa tsakuwa ce.

Ya ce, "In shanuna suka ƙare, kai ne."

Suka jiƙa, suka ɗura. Shanun da suka sha suka mutu daidai da waɗanda ba su sha ba. Mai maganin kuwa ya ce ai don ba a haɗa da uwar ba ne, maganin yana jikin uwar. Kafin a waiwaya ya naɗe buzunsa ya bar garin.

Sai laifi ya dawo kan Hambali. Aka ce shi ya hana jama'a magani. Mata suka daina aiko masa da aikin koɗa. A masallaci ana amsa sallamarsa ciki-ciki. Da aka lura Auta na nan da ranta, tana tuƙa a bayan ɗaki, sai magana ta ƙara muni. Aka ce ai a ɓoye yake kankarowa yana ba tasa.

Batulu ta ji wannan a bakin rijiya. Ta dawo ranta a ɓace.

Ta ce, "Malam, ka ji abin da ake cewa?"

"Na ji."

"Ba za ka je ka yi magana ba?"

"Bangon yana nan, duk mai ido ya hau ya duba. Ke dai kada ki bari kowa ya matso kusa da Auta. Na lura abin nan a mashaya yake bin su."

Kullum da sassafe Hambali yakan hau ya zauna a bakin kogon da aikinsa, ba ya saukowa sai rana ta yi sanyi. Batulu ke kai masa fura. Wani lokaci takan tsaya ta dubi farin tabon nan uku, ta girgiza kai, ta sauko.

Ranar da jarrabawa ta gaske ta zo, ba da wuƙa ta zo ba.

Wata safiya Badaru ya hau dutsen shi kaɗai. Ya rame, idanunsa sun faɗa, rigarsa duk kashin shanu. Bai yi tsaye ba. Ya zube a gaban Hambali ya kama ƙafarsa.

Ya ce, "Baba, saura ɗaya. Wule ce kaɗai ta rage, wadda mahaifina ya rene ta da hannunsa. Jiya ta daina kiwo. Ban ce ka ba ni duka ba. Ɗan kaɗan, daga jelar uwar, inda ba wanda zai lura. Kamar ƙwayar gero. Na roƙe ka don zumuncin da ke tsakaninka da shi."

Yana magana yana kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fita da sauƙi.

Hambali ya ji kamar an ce masa ya cire zuciyarsa. Hana mai girman kai abu ne mai sauƙi. Hana mai kuka, ɗan amininka, wannan wani abu ne daban. Ya dubi ƙarfensa da ke ajiye a gefe. Da bugu ɗaya zai iya ɗauke abin da ake roƙo.

Ya kawar da kansa daga ƙarfen. Sannan ya kama kafaɗun Badaru ya ɗago shi.

Ya ce, "Ɗana, da na san zai tashe ta, wallahi da bangon gaba ɗaya zan fasa in ɗora maka a ka. Amma ba zai tashe ta ba. In na ba ka yau, gobe wani zai zo da nasa kukan, shi ma gaskiyarsa. Jibi babu uwa, babu ɗa, kuma babu Wule. Ba zan yi maka ƙarya da hannuna ba."

Badaru ya ce, "To shi ke nan, ka bar ni."

"Ban ce zan bar ka ba. Tashi mu je wurinta."

Hambali ya leƙa gida daga bakin zaure ya gaya wa Batulu. Ta ce, "Ka je, Malam. Amma in ka taɓa ta, kada ka shigo min gida da kayan nan. Kogon kuma ni zan zauna."

Haka aka yi. Tsohuwar ta ɗauki abawarta da mazarinta ta hau dutse ta zauna gadi. Hambali kuma ya bi Badaru ruga.

Kwana uku suna kan Wule. Suka yi mata rumfa da zana. Hambali na goge mata ido da tsumma, yana ɗiga mata ruwa a baki, Badaru na riƙe da kanta a cinyarsa yana yi mata irin kiran da ubansa ke yi mata. Waɗanda suka zagi Hambali a bakin rijiya suka riƙa wucewa suna ganinsa durƙushe cikin ƙazanta.

Rana ta uku da la'asar Wule ta miƙe ƙafafu ta cika. Su biyu suka haƙa rami suka rufe ta, don Badaru ya ce ungulu ba za ta taɓa wannan ba.

Hambali ya ƙone rigar da ya yi jinya da ita, ya yi wanka a rafi, ya yi kwana bakwai a zauren wani maƙwabci kafin Batulu ta yarda ya shiga gidansa.

Bayan haka ƙasar ta yi shiru. Ba kukan saniya da safe, ba ƙurar garke da yamma. Masu tallan nono suka kife ƙorai. Mutum zai yi tafiyar yini bai ga kofato ɗaya ba. Wasu makiyayan suka bar ƙasar, wasu suka zauna a gindin itace suna kallon turaku.

Wata safiya Hambali ya hau kogon kamar kullum. Kafin ya ƙarasa sai ya ji murya a ciki. Ya tsaya. Ya leƙa a hankali.

Badaru ne zaune a kan dutsen da ubansa ke zama. Ba wuƙa a hannunsa, ba komai. Yana nuna shanun bangon ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ba tare da ya taɓa ba, yana kiransu ƙasa-ƙasa da sunayen shanunsa da suka mutu.

"Amare. Fure. Nyale." Sai ya kai kan uwar. "Wule."

Hambali ya yi gyaran murya ya shiga, ya zauna kusa da shi.

Can Badaru ya ce, "Baba, na zaga har Sundimina ina neman saniyar da zan kalla kawai. Ban samu ba. Gidanka kuma kunya ba za ta bar ni in shiga ba. Sai na tuna akwai waɗannan."

Ya juya ya dubi farin tabon nan.

"Da ban sa wuƙa ba, da yanzu bakwai nake kallo."

Hambali ya ce, "Da ka gama abin da ka fara, da bango kake kallo. Ka gode wa Allah da huɗu."

"Wanda ya zana su, kana jin shi ma nasa mutuwa suka yi?"

"Allah kaɗai ya sani. Amma ya so su, wannan kam a fili yake. Kuma bai san ka ba, bai san ni ba, ya bar mana su."

Badaru ya rufe fuskarsa da hannu. Ya ce, "Ka yafe min, Baba."

"Na yafe tun ranar. Tashi, Innarka tana nemanka. Kwana biyu ke nan tana cewa in na gan ka in kawo ka ko da ja ne."

Suka sauko tare. Batulu na tsaye a tsakar gida da ƙwarya a hannu, fuskarta a murtuke kamar mai shirin faɗa.

Ta ce, "Badaru, sai yau? Zo nan ka fitar da ni daga wahala. Ni hannuna na niƙa ne, ba na tatsa ba. Shekaranjiya ta harbe ni har ƙwaryar ta fashe."

Badaru bai gane ba. Ta ja hannun rigarsa zuwa bayan ɗaki.

Auta na tsaye a turkenta, ƙafar nan tata a ɗan karkace. A gefenta ga 'yar maraƙa jajir, kwananta biyar a duniya, tana rawar ƙafa. Ashe lokacin da ya janyo ta ya ce garkensa ba ya jiran gurguwa, da ƙaramin ciki ya kawo ta, na babban bijimin ubansa.

Suna tsaye sai Auta ta juyo da wuyanta ta fara lasar 'yarta.

Hambali ya taɓa Badaru da gwiwar hannu ya ce, "Dubi wuyanta."

Badaru ya durƙusa. Ya sa goshinsa a jikin saniyar ya daɗe a haka. Sannan ya karɓi ƙwaryar. Auta ta tsaya cik, ko motsi ba ta yi ba, nono ya fara sauka.

Batulu ta ce, "Ka gani? Munafuka. Ni da nake ba ta dusa ta harbe ni."

A al'adar masu shanu, idan ɗan'uwa ya rasa garkensa, akan ba shi aron saniya ya riƙe har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar ta koma gidansu. Habbanaye suke ce masa. Hambali daga bakin Buba ya san wannan, amma ba shi ya fara furtawa ba. Batulu ce.

Ta ce, "Ka tafi da su. Wannan ta fari taka ce, saura biyu. Amma ka ji sharaɗina. Ba za ka kore ta ba, ba za ka sa ta gudu ba. Inda ta tsaya nan za ka tsaya."

Badaru ya ce, "Inna, ke fa? Wa za ki yi hira da shi?"

Ta goge idonta da gefen zane ta ce, "Ga tsohon nan. Shi ma ba ya amsawa, amma zan lallaɓa da shi."

Badaru bai kai su nesa ba. A gindin dutsen ya kafa bukkarsa, inda Batulu za ta riƙa jin kukan Auta daga ɗakinta. Ya saro ƙaya ya kewaye bakin kogon. Ya hana kowa hura wuta a ciki, don hayaƙi na baƙanta bango. Duk baƙon da ya zo, shi ke kai shi. Kuma kafin ya nuna masa shanu huɗun, sai ya fara nuna masa farin tabon nan uku, ya ce, "Wannan aikina ne. Kalle shi da kyau."

Da Hambali ya tsufa ya kasa hawa, Badaru ne ke goya shi ya kai shi bakin kogon ya sha iska. Garke kuwa ya dawo sannu a hankali, kuma duk sa'ad da aka fita kiwo, da tafiyar gurguwa ake tafiya.

Nan labarin ya tsaya. Yanzu ku ba ni kunnenku, don ba don nishaɗi kaɗai na rubuta shi ba.

A watan da ya wuce na shiga ɗaya daga cikin kogunan dutsen yankinmu. Abin da na gani ya hana ni cin abinci ranar. Wani ya rubuta sunansa da na budurwarsa da fenti, a kan zanen kansa, ba a gefe ba. Wani ya ƙarce lambar wayarsa da ƙusa. An gasa masara a ciki har rufin ya yi baƙi. Kuma rubutun da kyau, harafi bai karkace ba. Wato mai hannun ya zauna a aji. Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa yara riƙe alli, ban taɓa zaton abin da za a yi da shi ke nan ba.

Badaru yana da uzuri, shanunsa ke mutuwa a gabansa. Kai da ka rubuta sunanka, me ke mutuwa a gabanka?

Ba zan yi shiru ba. Sunayen suna nan a rubuce, ba sai an yi bincike ba. A kira masu su gaban dattawan unguwarsu, su amsa, su nemi afuwar jama'a a fili kamar yadda suka yi ɓarnar a fili. A kewaye wuraren nan, a sa musu mai gadi daga cikin mutanen da ke zaune a gindinsu, a kuma riƙa biyansa haƙƙinsa. Kada wani mai kyakkyawar niyya ya ɗauki soso da sabulu ya ce zai wanke, zai tafi da fentin da zanen gaba ɗaya. A nemo waɗanda suka karanci aikin. Malaman makaranta kuma, ku kai ɗalibanku su gani da idonsu, hannuwansu a bayansu. Na rubuta wa waɗanda abin ya shafa, kuma zan sake rubutawa duk wata har sai na ga shinge.

Darasi: Abin da ka tarar a tsaye, ba kai ka yi shi ba, amana ce a hannunka, kuma ba ka san ranar da kai da kanka za ka buƙace shi ba. Minti kaɗan ya isa a goge shi, amma duk nadamar duniya ba ta mayar da layi ɗaya. Ka hana ɓarna ko da mai roƙon yana kuka, sannan ka tashi ka bi shi ka taya shi ɗaukar abin da ya sa shi kukan. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana hawa duwatsun nan, musamman wanda ke tafiya da fenti a aljihu.